Tarihin Ƙofar Tsira a Benaye Masu Mazauna da Yawa

Ƙofar tsira daga gobara, irin wadda ake gani yau a dogayen benayen da iyalai da dama ke zaune a ciki, ba ta fi shekara ɗari da hamsin da samuwa ba, alhali shi zaman bene ya girme ta da kusan shekara dubu biyu. Ayyuka biyu ake nema daga gare ta, kuma kowanne yana karo da ɗan'uwansa. Ana so ta buɗe nan take ga mai gudu, yaro ne ko tsoho, ko da a cikin duhu ne, ba tare da laluben mabuɗi ba. Ana kuma so ta koma ta rufe ruf a bayansa, don kada hayaƙi ya bi sawunsa ya cika hanyar da sauran jama'a za su bi. Aikin farko a gidajen wasan kwaikwayo da masana'antu aka gane shi, tun kafin yaƙin duniya na farko. Na biyun ya jima kafin a fahimce shi, kuma shi ne har yau aka fi sakaci da shi a gidajen kwana, musamman benayen da ake kira kondominiyam, inda kowane mai gida ya mallaki sashensa, amma matakala da lungu da ƙofar waje na kowa da kowa ne.

A tsohuwar Rum, talakawan birni a benen haya suke kwana, mai hawa huɗu ko biyar ko fiye, ƙasa shaguna, sama ɗakuna. Da gawayi ake girki, da fitilar mai ake haska ɗaki, hawan sama kuma galibi katako ne. Sarki Augustus ya taƙaita tsawon gini a kan ƙafa 70, ya kuma kafa rundunar 'yan sintirin dare a shekara ta 6 Miladiyya, aikinsu ya haɗa da kashe wuta. Bayan babbar gobarar shekara ta 64, zamanin Nero, aka faɗaɗa tituna, aka hana gidaje biyu haɗa bango, aka umarci masu gidaje su tanadi kayan kashe wuta. Landan ma haka ta yi bayan gobarar 1666 da ta cinye gidaje sama da 13,000: dokar sake gina birnin ta 1667 ta ce da bulo ko dutse za a riƙa gini. Damuwar waɗannan dokoki ɗaya ce, kada wuta ta tsallaka daga gida zuwa gida ta lashe unguwa. Yadda wanda ke hawa na biyar zai sauko da ransa bai shiga lissafi ba.

A ƙarni na 19 maganar ta taso, kuma New York na cikin biranen da ta fara tasowa. Baƙi daga Ireland da Jamus, daga baya Italiya da gabashin Turai, sun yi ta kwararowa, masu filaye kuma suka duƙufa gina matsattsun benayen haya, iyali goma ko ashirin a gini ɗaya, matakalar katako guda a tsakiya. A watan Fabrairun 1860 wuta ta tashi daga gidan burodin da ke ƙasan wani irin wannan bene a titin Elm, ta tare matakalar tun da farko, tsanin 'yan kwana-kwana kuma bai kai hawan sama ba. Mata da yara suka halaka, jama'a na kallo daga titi. A shekarar aka yi dokar tilasta hanyar tsira a manyan gidajen haya, dokar 1867 kuma ta faɗaɗa ta. Daga nan aka sami matakalar ƙarfen nan da ake maƙalawa a jikin bango ta waje, wadda ta zama alamar tsofaffin unguwannin birnin. Masu gidaje sun karɓe ta saboda arha, ga shi ba ta cin filin ɗakin da za a ba haya. Amma tsatsa tana cin ta, ƙanƙara tana daskarewa a kanta da hunturu, mazauna suna jibga kaya a kai, suna kwana a kai lokacin zafi. Mafi muni, ta gaban tagogi take bi, ta nan ne kuma harshen wuta yake fitowa. A 1968 dokar ginin birnin ta hana sa ta a sababbin gine-gine, aka koma ga matakala ta ciki wadda aka kewaye da bango.

Ita ƙofar kanta, abin da ya jawo hankali gare ta a Birtaniya ba ma gobara ba ce. Ranar 16 ga Yunin 1883, a zauren Victoria da ke garin Sunderland a Ingila, an tara yara don kallon wasa. Da aka tashi sai aka ce za a raba kyaututtuka, yaran da ke sama suka kwararo ta matakala. A ƙasanta akwai ƙofa mai buɗewa ta ciki, an danna mata sakata a ƙasa, an bar kafar da yaro ɗaya kawai zai iya wucewa, kimanin santimita 50. Na gaba suka maƙale, na baya ba su san abin da ake ciki ba suka ci gaba da turowa. Yara 183 suka mutu a turereniyar. Wannan musiba ce ta sa aka fara tilasta wa wuraren taron jama'a a Birtaniya ƙofofi masu buɗewa waje, ita ce kuma ta zaburar da Robert Alexander Briggs ya ƙera sakatar da turi kaɗai ke zare ta, ya sami rajistar ƙirarsa a 1892.

Amurka sai da ta ɗanɗana nata. An buɗe gidan wasan Iroquois a Shikago a watan Nuwamban 1903, ana tallarsa da cewa wuta ba ta cin sa. Ranar 30 ga Disamba da rana, gidan maƙil da mata da yara saboda hutun ƙarshen shekara, fitilar dandamali ta kunna labule. Ƙofofin fita suna nan da yawa, amma wasu an lulluɓe su da labule, babu alamar da ke nuna su, wasu an sa musu wata irin sakata ta Turai da mutanen gari ba su san yadda ake zare ta ba, an kuma datse wasu matakalu da ƙyauren ƙarfe don kada masu tikitin arha su gangaro wurin masu tsada. Mutum 602 aƙalla suka rasu, da yawa a bakin ƙofofi. Wani mai sayar da kayan ƙarfe a garin Indianapolis, Carl Prinzler, ya so zuwa wasan ranar, Allah bai nufa ba. Shi da maƙwabcinsa injiniya Henry DuPont suka ƙera sandar ƙarfen da ake gicciyawa a jikin ƙofa, wadda ko da ƙirji aka danne ta ƙofar za ta buɗe. Ta shiga kasuwa a 1908 da sunan Von Duprin. Hikimarta ita ce ba ta neman komai daga wanda ya firgita. Cunkoson da a da yake toshe ƙofa, yanzu shi ke buɗe ta.

Gobarar da ta fi kowace tasiri a kan doka ita ce ta masana'antar ɗinki ta Triangle a New York, ranar Asabar 25 ga Maris ɗin 1911. Masana'antar tana hawa na 8 da na 9 da na 10 na wani bene mai hawa goma. Wutar ta tashi gab da tashi daga aiki. A hawa na 9, ɗaya daga cikin ƙofofin matakala biyu a kulle take, domin masu kamfanin suna so kowace ma'aikaciya ta bi ta ƙofa ɗaya a duba jakarta, kada ta saci ƙyalle. Matakalar ƙarfe ta waje ta lanƙwashe ta rufta da waɗanda ke kanta, tsanin 'yan kwana-kwana kuma a hawa na 6 ya tsaya. Mutum 146 suka mutu, 123 mata ne, akasarinsu 'yan mata baƙi, Yahudawa da Italiyawa. Kotu ta sallami masu kamfanin, Max Blanck da Isaac Harris, saboda ba a tabbatar sun san ƙofar a kulle take ba. A 1913 aka sake kama Blanck da kulle ƙofa lokacin aiki, aka ci shi tarar dala 20. Wannan tara kaɗai ta isa shaida a kan darajar da ran ma'aikaciya yake da ita a idon dokar wancan zamani. Sai dai jama'ar gari ba su haƙura ba, Jihar New York ta kafa hukumar binciken masana'antu wadda ta haifar da dokoki masu yawa. Ƙungiyar kare gobara ta Amurka, NFPA, wadda masu inshora suka kafa a 1896 don kare dukiya, ta buɗe kwamitin kare rayuka a 1913. Aikin kwamitin ne ya zama kundin ƙa'idojin hanyoyin fita na 1927, wanda aka sake wa suna a 1966, kuma ƙasashe da dama suna ɗiba daga cikinsa har yau. Ginshiƙansa ba su sauya ba: hanyar fita biyu masu nisa da juna, don kada wuta ɗaya ta tare duka, faɗin hanya gwargwadon yawan mutane, iyaka ga nisan da mutum zai yi kafin ya kai ƙofa, kuma babu ƙofar tsira da za ta nemi mabuɗi daga ciki.

Gobarar gidan rawa na Cocoanut Grove a Boston, ranar 28 ga Nuwamban 1942, ta ƙara abu guda. Babbar ƙofar wurin mai juyawa ce, mutane suka danno ta daga ɓangarorinta biyu ta tsaya cak, wasu ƙofofin kuma an kulle su don kada masu sha su sulale ba su biya ba. Mutum 492 suka rasu. Tun daga nan ake tilasta wa ƙofa mai juyawa samun ƙofar turawa a gefenta. Alamar nan ta koren mutum yana gudu zuwa ƙofa kuwa daga Japan ta fito, zanen Yukio Ota ne, bayan gobarar manyan kantuna a ƙasar a farkon shekarun 1970, daga baya ta zama ta duniya.

Duk wannan a kan taron mutanen da idonsu biyu ne. Gidan kwana lamarinsa daban. Mutanen ba su taru a zaure ɗaya ba, suna warwatse a ɗakuna, da yawa suna barci, akwai jarirai da tsofaffi da marasa lafiya. Shi ya sa ƙa'idar buɗewa waje ba ta hau kan ƙofar kowane sashe ba. A dokokin Amurka sai wurin da ke ɗaukar mutum 50 ko fiye take aiki, ƙofar sashe kuwa ciki take buɗewa don kada ta tare lungu ko ta bugi mai wucewa. Abin da gidan kwana yake bukata otal-otal ne suka bayyana shi, a shekarar 1946. A watan Yuni otal ɗin LaSalle a Shikago ya ci mutum 61. Ranar 7 ga Disamba otal ɗin Winecoff a Atlanta, mai hawa 15, ya ci 119. Shi ma an yi ta tallarsa cewa wuta ba ta cin sa, kuma gaskiya ne ginin bai faɗi ba. Amma matakalarsa ɗaya ce, a buɗe take daga ƙasa har sama babu ƙofa a kowane hawa, sai ta zame wa hayaƙi da zafi bututu. A saman ƙofar kowane ɗaki kuma akwai 'yar tagar shan iska, da yawa a buɗe, ta nan wuta ta shiga wa masu barci. Aka gane cewa buɗaɗɗiyar ƙofa tana kisa kamar yadda kullalliya take yi. Shugaba Truman ya kira taron ƙasa kan gobara a 1947, dokoki suka koma ga killace matakala da rufe ta da ƙofa mai jure wuta a kowane hawa.

Daga nan aka gina tsarin da dogayen benayen kwana suke tsaye a kansa yanzu. Kowane sashe ana gina shi ne a matsayin keɓaɓɓen wuri, bango da daɓe da rufi na kankare da za su riƙe wuta awa ɗaya ko fiye. Birtaniya ta rubuta wannan a ƙa'idar gininta ta 1962, ta kuma ɗora shawara a kai: wanda wuta ta tashi a sashensa ya fita ya ja ƙofa, sauran su zauna a nasu har 'yan kwana-kwana su gama. Shawarar tana da hujja, domin mafi yawan gobarar bene a sashen da ta tashi take mutuwa, kuma matakalar da ɗaruruwa za su cika ita ce hanyar da masu kashe wuta za su hau da tiyo. Amma bangon nan duk ƙarfinsa yana da kafa ɗaya babba, wato ƙofa. Saboda haka ƙofar sashe ba a barin ta ga zaɓin kafinta. Ana gwada ta a tanderu tare da firam ɗinta da makullinta. A Birtaniya ana so ta jure minti 30. A gefenta ana liƙa wani siririn abu da ke kumbura in ya ji zafi ya toshe tsaga. A samanta ko a jikinta akwai ƙarfen da ke mayar da ita ta rufe da kanta, domin wanda ya ɗauko 'ya'yansa yana gudu ba zai tsaya jan ƙofa ba. Wannan ɗan ƙarfe yana cikin mafi arha a duk tsarin, kuma in ya lalace sauran ba su da amfani sosai, saboda hayaƙi ne ke kashe mafi yawan waɗanda gobara ke kashewa, ba harshen wuta ba. Katifar soso da kujerun roba na zamani kuma sun fi kayan gargajiya saurin kamawa, hayaƙinsu ya fi dafi.

A daidai lokacin da ake kafa wannan tsari ne mallakar bene ta sauya. Mallakar hawa ɗaya a cikin gini tsohon abu ne a Turai, dokar Faransa ta 1804 ta ambace shi, amma bayan yaƙin duniya na biyu ya bazu. Puerto Rico ta yi dokarta a 1958, gwamnatin Amurka ta amince da lamunin bashin sayen irin waɗannan gidaje a 1961, Jihar New South Wales ta Ostireliya ta yi tata a shekarar, Faransa ta sabunta tata a 1965, Afirka ta Kudu ta biyo a 1971. Tsarin ya ba mai matsakaicin hali damar mallakar muhalli a tsakiyar birni, wannan alheri ne babba. Sai dai ya raba gini gida biyu, na mutum da na jama'a, kuma ƙofar sashe a kan iyakar take zaune. Fuskarta ɗaya tana kallon falon mai gida, ɗayar tana kallon lungun kowa. Mai gida yana ganin tasa ce, da kuɗinsa ya saya. Sai ya cire ta ya sa wadda ta fi kyau, ko ya huda ta ya ƙara makulli, ko ya kwance ƙarfen mayarwa saboda tana yi wa tsohuwarsa nauyi ko tana bugawa da ƙara. Babu mugun nufi a cikin ko ɗaya, amma kowanne ya rage kariyar maƙwabtan da ba a shawarta ba. A ɓangaren jama'a kuma, ƙofar matakala ana tokare ta da dutse don shan iska, lungu yana cika da takalma da kekuna da kwalaye. Gyara kuwa sai ƙungiyar masu gidaje ta zauna ta kaɗa ƙuri'a, kowa ya ciro daga aljihunsa, kuma a cikinsu akwai 'yan fansho, akwai waɗanda suka ba da haya suna wani gari. Ga shi sabuwar dokar gini ba kasafai take waiwayar tsohon gini ba. Benen da aka gina a 1970 yana iya cika shekara hamsin a kan ƙa'idar 1970 ba tare da ya karya doka ba.

Shekarar 2017 ta fito da wannan rauni a fili. Benen Grenfell a yammacin Landan, mai hawa 24, na ƙaramar hukuma ne, akasarin mazaunansa 'yan haya, kaɗan kuma sun sayi sashensu. Daren 14 ga Yuni, gab da ƙarfe ɗaya, firji ya kama da wuta a hawa na 4. Wutar ta fita ta taga ta kama fallayen da aka lulluɓe bangon waje da su lokacin kwaskwarimar 2015 zuwa 2016, waɗanda cikinsu roba ce mai ci, cikin rabin awa ta kai ƙololuwa. Wannan lulluɓi shi ne babban musabbabi, kuma a kansa aka fi magana. Amma kwamitin bincike ƙarƙashin tsohon alƙali Martin Moore-Bick ya tsaya a kan ƙofofi ma. Da yawa daga ƙofofin sassan ba su da ƙarfen mayarwa, ko suna da shi ba ya aiki. Waɗanda suka gudu sun bar su a buɗe, baƙin hayaƙi ya turnuƙe lungunan tun da wuri, ya shiga matakala ɗaya tilo da ginin yake da ita. Da 'yan sanda suka gwada irin ƙofar da aka sa a ginin, wadda aka sayar a kan minti 30, kusan minti 15 ta yi. Masu amsa waya kuma sun ci gaba da ce wa mutane su zauna a ɗakunansu har ƙarfe 2:47, alhali sharaɗin da aka gina shawarar a kansa ya riga ya rushe. Mutum 72 suka rasu.

Wata ɗaya cif bayan haka, ranar 14 ga Yuli, wuta ta tashi a hawa na 26 na benen Marco Polo a Honolulu, kondominiyam mai hawa 36 da sassa sama da 500. An gina shi a 1971, kafin birnin ya tilasta sa bututun fesa ruwa a rufin dogayen gine-gine, don haka ba shi da su. Mutum huɗu suka rasa rayukansu. A 2018 birnin ya yi dokar da ta waiwayi tsofaffin benaye, ko su sa bututun ko su ci jarrabawar kariya, aka kuma yi ta jan ƙafa da ƙara wa'adi saboda kukan tsada daga masu gidaje. Kukan ba na ƙarya ba ne, kuɗin da yawa. Amma ba a fafe gora ranar tafiya, kuma masu gidajen Marco Polo ɗin sun ƙare da sa bututun bayan asarar da ta haura dala miliyan 100.

Babu inda aikin rufaffiyar ƙofa ya fito sarai kamar a gundumar Bronx ta New York. Ranar 28 ga Disamban 2017, wani yaro ɗan shekara uku yana wasa da murhun gas a hawan ƙasa na wani bene mai hawa biyar. Uwar ta kwashi 'ya'yanta ta fita, ƙofar ba ta rufe ba, wuta ta bi matakala ta hau. Mutum 13 suka mutu, cikinsu har da wani matashin soja haifaffen Ghana da ya yi ta komawa yana fito da mutane. Birnin ya ƙarfafa dokar ƙofa mai rufe kanta a 2018. Duk da haka, da safiyar Lahadi 9 ga Janairun 2022, na'urar ɗumama ɗaki ta kunna wuta a benen Twin Parks mai hawa 19. Ita wutar da ƙyar ta wuce sashen da ta tashi da lungun gabansa; kankaren ya yi aikinsa. Amma ƙofar sashen ba ta koma ta rufe ba, wata ƙofar matakala a hawa na 15 ita ma a buɗe, iska ta ja hayaƙin ya cika ginin. Mutum 17 suka rasu, takwas yara ne, dukkansu hayaƙi ne ajalinsu, wasu suna nesa da wutar da hawa goma ko fiye. Akasarinsu Musulmi ne 'yan asalin Gambiya, daga cikin al'ummar Afirka ta Yamma da ta yi kaka-gida a Bronx. Ba laifin uwar da ta gudu da 'ya'yanta ba ne, ba kuma na iyalin da suka tsere daga ɗaki mai ci ba. Don irinsu aka ƙirƙiri ƙarfen mayarwa tun farko, alhakin kuwa yana kan wanda aka ɗora wa kula da shi.

Tsohuwar matsalar kulle ƙofa ma ba ta gushe ba, tsoron ɓarawo ne dai ya maye gurbin tsoron satar ƙyalle. Ranar 31 ga Agustan 2023 gobara ta kashe mutum 76 a ginin Usindiso mai hawa biyar a tsakiyar Johannesburg, inda marasa galihu suka yi cunkoso, aka yanyanka ɗakuna da katako, aka datse hanyoyin fita da ƙyauren ƙarfe. Hukumar bincike ƙarƙashin mai shari'a Sisi Khampepe ta ɗora alhaki a kan hukumar birnin, mai ginin. Wannan fuska ta lamarin ita ta fi kusa da biranen Najeriya da Nijar. Gidan gargajiya na ƙasar Hausa ƙofa ɗaya gare shi, ta zaure, amma a ƙasa yake, tsakar gida a buɗe take hayaƙi ya tashi sama, katanga kuma maƙwabta suna iya haurowa. Da aka koma zaman filat a bene, al'adar ƙofa ɗaya ta biyo, abubuwan da ke sauƙaƙa ta ba su biyo ba. Tagogi an walde su da ƙarfe, ƙofar matakala ana sa mata kwaɗo da dare mabuɗin yana hannun mutum ɗaya, jarkar man janareto kuma sau da yawa a ƙarƙashin matakalar take kwana. Najeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa a 2006, amma aiwatarwa tana hannun jihohi. Tsaro da tsira ba sai an zaɓi ɗaya ba: makullin da ke hana shiga daga waje, ya buɗe da murɗawa ɗaya daga ciki, ya fi shekara ɗari a kasuwa, kuma kowane maƙeri yana iya yin ƙarfen taga mai buɗewa a ɗaki guda.

Gyaran da ya biyo bayan waɗannan gobara ya karkata ne ga tambayar da aka daɗe ana kaucewa, wato wa ke da alhakin ƙofar. A Ingila dokar 2005 ta shafi wuraren da mazauna ke tarayya, amma an yi ta gardama ko ƙofar sashe tana ciki. Dokar 2021 ta yanke cewa tana ciki, ita da bangon waje. Daga 23 ga Janairun 2023, duk benen kwana da ya haura mita 11, wajibi ne mai kula da shi ya duba ƙofofin lungu da matakala duk wata uku, ya kuma yi iya ƙoƙarinsa ya duba ƙofofin sassa sau ɗaya a shekara. New York ta ƙara tara a 2022, ta rage wa'adin gyara ƙofar da ba ta rufe kanta daga kwana 21 zuwa 14. Dubawar ba ta bukatar injiniya: a buɗe ƙofar, a sake ta, a ga ko ta koma har harshen makullin ya kama. Ingila ta kuma tsayar cewa daga 30 ga Satumban 2026 sabon benen kwana da ya haura mita 18 sai da matakala biyu. Wannan sharaɗi bai shafi gine-ginen da ke tsaye ba, don haka benaye masu yawa na shekarun 1960 da 1970 za su ci gaba da dogara da matakala ɗaya da ƙofofin da ke kare ta.